Daga Bakin Zongo: Giwa a Gona, Maharbi a Gefe

Mu a nan Lome giwa sai a hoto, amma 'yan'uwanmu na arewa, wajen Mango da Fazawo, sun san yadda giwaye kan mai da gonar dawa fili a dare ɗaya.

A da, ƙauye ba ya rasa maharbi, kuma a ƙasar Hausa har sarauta gare su, wato Sarkin Baka. Maharbi daban, ɗan farauta daban. Maharbi ya san sawu, ya san wace dabba ce ta saba da gona, ita kaɗai yake bi. Ya san lokacin da nama ke da ciki, ya ɗaga masa ƙafa.

To, a zamanin Eyadema aka faɗaɗa gandun dajin Keran, aka tada ƙauyuka, aka hana harbi. Wanda aka kama da ko guntun nama ya sha wuya. Mu da aka rushe mana tsohon Zongo a 1977 aka kai mu bayan gari, ai ba sai an gaya mana zafin tashi ba. Da rikicin siyasa ya ɓarke a 1990 da 1991, sai mutane suka koma cikin gandun da fushi, suka karkashe namun da ba su ci musu kome ba. Dajin bai koma yadda yake ba.

Haka aka yi a Ayoru ta Nijar a 2017: dorina ta dame manoma da masunta, ba wanda ya share musu hawaye, sai suka kashe fiye da 20. Ko a Amurka gardamar ke nan a kan wata ƙatuwar dabba da suke kira girizili. An sa ta cikin dabbobin da doka ta kare a 1975. Da ta yi yawa a yankin Yalositon aka shirya buɗe farautarta, kotu ta hana a 2018.

Kada a ce muna goyon bayan masu haure. Fiye da tan 3 na hauren giwa da aka kama a tashar jirgin ruwan Lome a farkon 2014, ba mai kibiya ne ya tara shi ba, aikin manyan 'yan kasuwa ne.

Abin da muke roƙon hukuma shi ne ta ɗauki maharban ƙauyuka cikin masu gadin daji, da albashi da takarda. Su za su kora giwa kafin ta shiga gona, su kuma za su fara ganin sawun baƙo mai bindiga. Manomin da aka yi wa ɓarna kuwa, a biya shi kafin girbi ya wuce.