Mudun wace kasuwa aka auna hoton nan?

Jama'a, wani abu ya faru a ofishinmu da har yanzu yake min ciwo. Mun ba da aikin buga kalanda, da aka kawo sai ga koren tutar ƙasa ya koɗe kamar tsumman da ya shekara a rana, fuskokin mutane kuma duk sun yi toka-toka. Oga ya fusata, ya ce a riƙe cikon kuɗin yaron da ya tsara aikin. Ni kuwa da na bi diddigi, sai na tarar yaron nan ba shi da laifi.

Ga yadda abin yake. Kowane ɗigo a hoton kwamfuta lambobi uku ne: na ja, na kore, na shuɗi, galibi daga 0 zuwa 255. To amma lamba kaɗai ba ta faɗin launi. Kamar ka aiki yaro ya sayo gero mudu biyar ne, ba ka faɗa masa mudun wace kasuwa ba. Shi ya sa ake liƙa wa hoto ɗan bayani a cikinsa mai faɗin ma'aunin launin da aka yi amfani da shi.

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne sRGB, wanda HP da Microsoft suka fitar a 1996. Akwai Adobe RGB na 1998, wanda ya fi shi faɗi, musamman wajen kore. Mai ɗaukar hotonmu a kan Adobe RGB ya saita kyamararsa. Wani abokin aikinmu ya rage nauyin hotunan da wata 'yar manhaja, ita kuma ta goge bayanin ma'aunin. Da yaron ya buɗe su, manhajarsa ta ɗauke su a matsayin sRGB ba tare da ta ce uffan ba. Lambobi suna nan yadda suke, mudu ne ya canza. Abin da ya gani a allo shi ya kai aka buga.

Ra'ayina shi ne: ɗaukar hoto marar bayani a matsayin sRGB ba laifi ba ne, tunda yawancin hotunan intanet haka suke. Abin da ban yarda da shi ba shi ne manhajar gyaran hoto ta yi canke a ɓoye. Wasu za su ce yawan tambaya yana gundurar mutum. Gaskiya ne. Amma ko ɗan gargaɗi ne a gefe, mai cewa hoton nan bai zo da ma'auni ba, ai ya wadatar.

Masu aiki da Photoshop, ku shiga Color Settings, akwai wurin da za ku sa ya riƙa tambayarku duk lokacin da hoto ya zo babu ma'auni. Ku kuma bambanta abu biyu. Assign Profile ba ya taɓa lambobi, suna kawai yake sa wa mudun. Convert to Profile kuwa sauya lambobin yake don launin ya zauna yadda yake a sabon ma'auni. In ka yi na biyu kafin ka gyara na farko, ka ɗaure kuskuren kenan.

Wani sirri: in ka ga sunan hoto daga kyamara ya fara da ƙaramin layi a ƙasa, kamar _DSC, to akasari Adobe RGB ne.

An dai biya yaron haƙƙinsa bayan dogon bayani, amma sai da aka sake buga kalandar, da kuɗin jama'a. Don Allah, kafin ka tura hoto wajen ɗab'i, ka tambayi mai bugawa ma'aunin da yake so, ka tabbata bayanin yana liƙe a hoton. In kuma aiki ya ɓaci, a bincika kafin a taɓa kuɗin ƙaramin ma'aikaci.