Gwajin Jini Kafin Aure: A Yi Da Wuri, A Rufa Asiri



A darasin kimiyya an koya mana cewa ciwon sikila gadonsa ake yi daga uwa da uba, babu ruwan aljanu ko sammu. Idan mai jinin AS ya auri mai AS, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS. Shi ya sa a watan Mayu na 2024 Gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin jini kafin a ɗaura aure.

Muna goyon bayan gwajin. Wasu manya suna cewa lafiya ta Allah ce. Gaskiya ne, amma ai su ne suka koya mana cewa rigakafi ya fi magani. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan ajinsu yana kukan ciwon ƙashi a lokacin hunturu ba zai yi gardama ba.

Abin da ya dame mu shi ne yadda ake yin sa. Bara an sa ranar auren yayar wata ƙawarmu, har an kai lefe. Saura sati biyu biki aka je gwaji, aka miƙa takardar ga kawun ango. Kafin magariba unguwa ta ɗauka wai amarya mai ciwo ce, alhali lafiyarta ƙalau, AS ce kawai. Shi ma angon AS ne, amma ba wanda ya ambace shi. Ya auri wata, ita kuwa har yau tana gida. Wannan adalci ne?

Don haka muna roƙon abu huɗu:

1. Iyaye su kai mu gwaji tun yanzu, a Birnin Kebbi ko Kalgo, kowa ya san jininsa kafin maganar aure ta taso.

2. Ma'aikatan lafiya su ba mai jini sakamakonsa a keɓe, su yi masa bayani da Hausa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

3. Wanda yake shakkar sakamako ya sake gwaji a wani asibiti, kuma kada kowa ya sayi takardar ƙarya. Jaririn da bai san komai ba shi zai sha wahalar.

4. Mu ɗalibai mu daina tsokanar masu sikila. Malamai kuma a taimaka a bar su su riƙa shan ruwa a aji, a ɗauke musu aikin cikin rana.

Ranar 19 ga Yuni ita ce ranar sikila ta duniya. Muna roƙon shugaban makaranta ya gayyato mana ma'aikacin lafiya ya yi mana bayani a asambule.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare, Dalijan.