Kabejin Kura da tukunyar gidan manomi

Duk mai bibiyar bidiyon girke-girke a TikTok ko Facebook ya sha ganin niƙaƙƙen naman sa da burokoli a kasko ɗaya, ana saukewa cikin ƙasa da rabin sa'a. Mata da dama a Kano sun ɗauka girkin ba zai yiwu ba sai an shiga babban kanti an sayo burokolin da aka kawo daga Jos da tsada. A ganinmu babu dalilin wannan wahala.

Burokoli da kabeji 'yan gida ɗaya ne, asalinsu tsiro guda ne manoman Turai suka yi ta zaɓen irinsa har kamanninsu suka bambanta. Burokoli ya fi son sanyi, shi ya sa ya fi yi a Filato. Kabeji kuwa yana yi sosai da hunturu a gonakin ranin Kura da Bunkure da Garun Malam, tare da tumatir da albasa da tattasai da karas.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da gwamnatin Audu Bako ta ɗauko, yankin yake noma damina da rani. Duk wanda ya bi ta Kwanar Gafan a kakar tumatir ya ga manyan motoci ana loda musu kwanduna zuwa Legas. Abin takaicin shi ne a gidaje da yawa na waɗanda suka noma kayan, tuwo da miyar kuka ne jiya, su ne yau. Mai kyan ya tafi kasuwa, gida sai wanda ya fara ruɓewa. Ba raina miyar kuka muke yi ba, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa kullum, yaro mai tasowa kuma ba ya ginuwa da tuwo kaɗai.

A nan ne wannan girki yake da amfani. Tsokar nama idan aka yanka ta, maigida da manya ke samu, yara sai romo. Idan aka niƙa ta kuwa, rabin kilo zai ratsa kowane cokali. A soya albasa da tafarnuwa da citta a ɗan man gyaɗa, a zuba naman ana farfasa shi har jan ya ɓace gaba ɗaya, sannan tattasai da attarugu da karas. Kabeji ne ƙarshen shiga, minti huɗu ko biyar ya ishe shi. Idan ya daɗe a wuta ya yi laɓo-laɓo, yawancin bitamin C ɗinsa ya tafi. A ɗora a kan shinkafar Kura. Iskar gas ko itacen da zai ci bai kai na dafa wake ba.

Akwai abin kiyayewa. Niƙa yana watsa ƙwayoyin cutar da ke bayan nama zuwa cikinsa, don haka ba a cin sa da sauran ja. Uwargida ta sa a niƙa a gaban ɗan aikenta a wankakken inji, ta kuma dafa a ranar, tunda wutar lantarki ba abar dogaro ba ce. Kabejin ma a cire ganyen waje a wanke sosai, domin wasu manoman ba sa jiran kwanakin da aka ƙayyade bayan feshi kafin su sare.

Muna kira ga malaman gona na KNARDA su riƙa haɗa wannan bayani na feshi da shawarar ware kwandon gida kafin a kai kasuwa, asibitocin yankin kuma su nuna wa mata girkin a ranar awo. Tashar binciken noman rani ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kadawa ma za ta iya gwada burokolin daga Nuwamba zuwa Janairu, a ga ko sanyin Kano zai ishe shi.