Tarwaɗa Ba Ta Reno: Mai Kiwo Ne Uwar 'Ya'yanta

Ya kai ɗan'uwa manomi, idan kana cikin masu sha'awar fara ƙyanƙyasar kifi a Kagara ko Tegina ko sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Rafi, to ga shawara kafin ka fitar da kuɗinka: fara koyon reno tukuna, ƙyanƙyasa ta biyo baya. Mafi yawan hasarar da sababbin masu kiwo ke tafkawa tana faruwa ne cikin makonni biyu na farko bayan ƙwai ya fashe.

Ga dalili. A kogin Amazon na Kudancin Amurka akwai wani kifin ado mai suna diskos, wanda ake kiwo cikin akwatin gilashi a gida. 'Ya'yansa kan manne wa uwa da uba, suna cin wata yauƙi da ke fita daga fatar iyayen har su yi ƙwari. Karfasar da muka sani kuwa, uwar ce ke ɗauke ƙwai cikin bakinta, ta ci gaba da ɓoye 'ya'yan a ciki idan ta ga haɗari. Amma tarwaɗa, wadda ita ce aka fi kiwo a Nijeriya, da ta zubar da ƙwai ta gama nata. Duk aikin da iyayen waɗancan kifaye ke yi, a nan ya dawo wuyanka.

Ruwa

Ƙwan tarwaɗa kan ƙyanƙyashe cikin kamar kwana ɗaya idan zafin ruwa yana tsakanin digiri 27 da 30. Ƙwan da bai yi ba yakan koma fari, kuma idan aka bar shi sai ya ruɓe, ya yi fumfuna, ya ɓata ruwan. A zuƙe shi da siririn tiyo tun ranar farko. Haka za a riƙa zuƙe kashi da ragowar abinci daga ƙasan mazubi safe da yamma, a mayar da sabon ruwa a hankali, wanda zafinsa ya yi daidai da na ciki. Ruwan famfo mai maganin kulorin sai ya kwana biyu a buɗe kafin a yi amfani da shi. A rufe mazubin ya yi duhu, domin 'ya'yan tarwaɗa ba sa son haske. Sabon shiga ya guji farawa a Disamba da Janairu, lokacin da sanyin hunturu ke hana su cin abinci.

Abinci

A kwana uku na farko ba a ba su komai, suna rayuwa ne da ƙunshin gwaiduwar da ke maƙale a cikinsu. Mai zuba abinci a wannan lokaci ruwa kawai yake ɓatawa. Da gwaiduwar ta ƙare sai a fara ba su abinci mai rai, wato atimiya, wasu ƙananan halittu da ake sayen ƙwansu a gwangwani a ƙyanƙyashe cikin ruwan gishiri, ko kuma ƙananan ƙwarin ruwa da ake samu a kududdufin da aka zuba wa kashin kaji, a tace su da ƙyalle mai laushi. A ba su kaɗan-kaɗan sau 5 ko 6 a yini har da dare. Daga kwana 10 zuwa 14 a soma haɗa musu da garin abincin kifi mai laushi, ana rage na farko sannu a hankali.

Tankaɗe

Tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta. A kowace ƙyanƙyasa akan sami 'yan kaɗan da ke zarce saura girma, kuma su ne ke haɗiye ƙanana. Sau da yawa mai kiwo kan ga kifinsa na raguwa ba tare da ya ga gawa ko ɗaya ba, sai ya zargi yara ko maƙwabta, alhali ɓarawon yana cikin mazubi. Daga mako na biyu a riƙa ware manya daga ƙanana duk mako, da sanyin safiya.

Wani zai ce ai ribar tana ga yawa, tunda uwa ɗaya mai nauyin kilo guda tana iya ba da ƙwai sama da 40,000. Gaskiya ne, sai dai ka lissafa abin da za ka kashe: kuɗin uwar, kuɗin allurar da ke sa ta sakin ƙwai, da namijin da galibi sai an yanka shi kafin a sami maniyyinsa. Idan dubban nan suka mutu a dare ɗaya saboda ruwa ya lalace, duk wannan ya tafi a banza. Wanda ya sayi 'ya'yan kifi 500 masu mako biyu daga amintaccen mai ƙyanƙyasa, ya rene su a baho biyu ko uku har suka kai tsawon ɗan yatsa, ya koyi sana'ar da kuɗi kaɗan, kuma ko da ya yi kuskure jarinsa bai karye ba. Da rarrafe yaro kan tashi.

Haka kuma ka yi hattara da masu ba da shawarar zuba kafso ko wani maganin mutane a ruwa duk sa'ad da kifi ya fara mutuwa. Magani ba ya gyara ruwan da ya ruɓe, kuma yawan amfani da shi yana sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Fara da duba ruwa, da cunkoso, da yawan abincin da kake zubawa.

Ga malaman gona

Jihar Neja ta yi sa'a, domin Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa tana New Bussa, kusa da madatsar ruwan Kainji, kuma ta samo asali ne daga aikin binciken tafkin Kainji da aka fara a 1968. Ya kamata malamin gona ya haɗa matasan yankinsa da irin waɗannan masana domin samun horo da iri mai kyau. Ya kuma sa kowane mai koyo ya buɗe littafi, yana rubuta ranar ƙyanƙyasa, zafin ruwa, abincin da ya bayar da adadin da suka mutu kowace rana. Wanda littafinsa ya nuna ya raya mafi yawan kifinsa a zubi biyu a jere, shi ne ya isa a koya masa yi wa uwa allura. Allah ya ba da sa'a.