Wa ke auna tiyar da ake auna malaman ƴaƴanmu?

Duk macen da ke sayen hatsi a kasuwar Gazawa ko ta Gidan Rumji ta san cewa kafin a yi ciniki sai an duba tiya, domin idan tiya ta lotsa, kowane awo ya tauye. Haka batun malaman lakol yake. Makarantar da ke horar da malami ita ce tiyar, kuma ita ya kamata hukuma ta fara tantancewa.

Idan ba mu manta ba, tun ƙarshen shekarun 1990 Nijar ta koma ɗaukar malamai ƴan kwantiragi domin a buɗe azuzuwa da yawa da kuɗi kaɗan, wasunsu ma bayan horon ƴan makonni aka tura su aji. Yara sun ƙaru a makarantu, amma binciken PASEC na 2014 ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu gama firamare ba su iya karatu yadda ya kamata ba. A 2017 gwamnati ta yi wa ƴan kwantiragi jarrabawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu rabin maki, aka kuma sallami dubbai. A shekarar nan dai jihar Kaduna ta Najeriya ta yi irin wannan gwaji, inda malamai 21,780 suka faɗi.

Abin tambaya a nan shi ne, waɗannan malamai daga sama suka faɗo? Kowannensu da takarda a hannunsa ya zo. An hukunta mai riƙe da takardar, to ina wanda ya buga mata hatimi?

Wuraren horarwa dai sanannu ne. A Maraɗi akwai makarantar horon malamai ta Bawa Jangwarzo, a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai kuma akwai ENS mai horar da malaman sakandare. Sannan akwai hukumar CAMES da ke Wagadugu, wadda aka kafa a 1968, mai duba ingancin digirin jami'o'in ƙasashe rainon Faransa. Tantancewa ta gaskiya ita ce a duba su wa ke koyarwa, me ake koyarwa, kuma wata nawa ɗalibi ya yi yana gwajin koyarwa a gaban yara.

Mu ƴan kasuwa abin ya shafe mu ta fuska biyu. Ƴaƴanmu na Agye da ƙauyukanta ne ke zaune gaban waɗannan malamai, kuma ribar gyaɗa da wake muke zubawa a makarantu masu zaman kansu domin manyansu su samu diplom. Saboda haka kafin mu biya ko dala, mu nemi a nuna mana shaidar amincewar gwamnati da kwas ɗin, mu tambaya ko CAMES ta amince da digirin. A taron COGES kuma iyaye mata su tambayi darakta inda kowane sabon malami ya samu horo.

Allah ya sa hukumomi su ji, su gyara tun daga tushe.