Albashin Disamba Abincin Janairu Ne

Ga Kirsimati ta sake ƙaratowa, kuma akwai maganar da muka ga ya kamata mu yi tun ba a ɗora tukunya a murhu ba, domin idan aka bari sai Janairu, shawara ta riga ta zama jaje.

Duk dattijon ikkilisiya ya san abin da makonnin tsakiyar Janairu suke kawowa. Ana tashi daga sujada sai ɗan'uwa ya ja shi gefe, ya yi ƙasa da murya, ya ce ko akwai ɗan abin da za a ranta masa kafin ƙarshen wata. Shugabar Zumuntar Mata ta san gidajen da aka koma cin abinci sau ɗaya a rana. Sau da yawa gidajen nan su ne waɗanda makonni uku baya aka yanka akuya, aka jera kwalaben lemo, aka ɗinka wa kowa sabon kaya. Ba mu faɗi wannan don mu kunyata kowa ba, mu ma masu rubutun nan mun taɓa faɗawa ramin. Abin da muke so mu tsaya a kai shi ne, kuɗin cefanen wata na watan ne, bikin Kirsimati kuwa ya nemi tasa jakar dabam.

A duba yadda abin yake faruwa ga ma'aikaci. A sauran watanni albashi yakan zo a ƙarshen wata, a ci wata mai zuwa da shi. A Disamba kuwa wurare da dama sukan biya da wuri, wajen 20 ga wata, don a yi biki. Kuɗin sai ya shigo hannu daidai lokacin da kasuwa ta cika, yara suna roƙo, baƙi suna hanya, sai mutum ya ga kamar kyautar Kirsimati ce aka ba shi. Alhali kuwa kuɗin nan abincin Janairu ne da ya iso kafin lokacinsa. Daga 20 ga Disamba zuwa 30 ga Janairu kwana 41 ne, kuma a cikin kwanakin nan ne makarantu suke komawa zango na biyu da kuɗinsu, masu haya da dama suna jiran nasu.

A ɗauki misali da gidan da yake ware naira 90,000 don cefanen wata, wato naira 3,000 kowace rana. Idan aka zari naira 30,000 daga ciki don kaji da lemo da ƙarin shinkafa, an cinye abincin kwana 10 a cikin kwana biyu. Kwanaki goman nan ba za su ɓace daga kalanda ba. Za su zo a ƙarshen Janairu, kuma uwargida ce za ta fara fuskantarsu, domin ita yara suke kallo idan yamma ta yi.

Manomi ma bai tsira ba, ko da yake shi ba ya jiran albashi. Kirsimati tana faɗowa bayan kaka, lokacin da masara da dawa da wake suka cika kasuwa, farashi yana ƙasa. A nan ne ɗan'uwa yakan ɗauki buhu uku ko huɗu ya kai kasuwa don ya sayi kayan biki, 'yan kasuwa su saye su adana. Idan damina ta yi nisa, wajen Yuli da Agusta, rumbu ya yi ƙasa, sai ya koma wurin mutanen nan yana sayen hatsi mudu mudu da tsada. Wanda ya sayar da hatsin da gidansa zai ci don ya yi biki na kwana biyu, bashi ya ci daga bakin 'ya'yansa.

Shekarun nan sun ƙara wa maganar nauyi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya tashi, kuma duk abin da ake ɗaukowa a mota ya bi shi. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta nuna hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari. A watan Yuli na shekarar aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma kafin ƙarshenta buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi wannan kuɗin a kasuwanni da dama. Gaskiya ne farashin hatsi ya ɗan sauko a 2025, mun kuma gode wa Allah, sai dai aljihun da aka yashe ba ya cika cikin kaka ɗaya. Bikin da iyayenmu suka saba yi lokacin da akuya take ɗaure a kowane gida, yau sai da lissafi.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da ƙarfi. Za su ce mu 'yan kaɗan ne a garuruwan da muke zaune, Kirsimati ita ce ranar da maƙwabta suke ganin farin cikinmu. Maƙwabtanmu Musulmi sukan aiko mana da tuwon salla da naman layya, mu ma mukan aika musu da shinkafa da cincin, kuma kwanon nan da yake tsallake katanga ya riƙe zaman lafiya a unguwanni da yawa fiye da dogayen tarurruka. Za su ce karɓar baƙi umarni ne a gare mu, rowa kuwa ba halin mai bi ba ce. Mun yarda da wannan duka, ba ma kuma roƙon kowa ya rufe ƙofarsa. Amma mu yi wa kanmu gaskiya: kwanon maƙwabci ba shi ne yake karya gida ba. Abin da yake karya gida shi ne katan biyar na lemo don a ga an jera, da abinci kala huɗu a rana ɗaya, da tukunyar shinkafar da ta kwana ta lalace saboda babu wuta, aka zuba wa kaji. Wannan gasa ce da gidan wane, Hausawa kuwa sun ce wanda ya daka rawar wani zai rasa turmin daka tasa.

Littafi Mai Tsarki bai bar mu ba misali ba. A Luka sura 2, lokacin da Yusufu da Maryamu suka kai jariri Yesu Haikali, tsuntsaye biyu suka miƙa. Wanda ya karanta Littafin Firistoci sura 12 ya san ɗan rago ne shari'a ta fara ambata, tsuntsayen kuwa rangwame ne ga wadda hannunta bai kai ba. Iyalin da muke bikin haihuwar ɗansu sun kawo abin da suke iyawa, ba su ci bashi don su fita kunyar mutane ba, Allah kuma ya karɓa. A Yohanna sura 6 kuma, bayan Ubangiji ya ƙosar da mutum dubu biyar, ya sa aka tattara ragowar har kwando 12. Wanda yake da ikon yawaita gurasa bai yarda a zubar da gutsattsari ba, balle mu da muke auna gari da gwangwani.

To, yaya za a yi? Abu na farko, maigida da uwargida su zauna tare kafin albashi ya shigo ko kafin a buɗe rumbu, su rubuta abin da gidan yake ci a wata: mudu nawa na masara, shinkafa nawa, wake, manja, man gyaɗa, gishiri, kayan miya, gawayi ko itace. A gidaje da yawa maigida bai san kuɗin kwalbar manja ba, uwargida kuma ba ta san abin da ya shigo aljihu ba, kowa yana zargin kowa. Takarda ɗaya da biro sun isa su kashe wannan rigimar.

Na biyu, ranar da kuɗi ya shigo a fara sayen abincin Janairu, irin wanda ba ya lalacewa, a ɗaure a ajiye. Kuɗin da ya zama buhun masara ba ya saurin narkewa kamar wanda yake cikin aljihu ko cikin waya. A cire kuɗin makaranta a ba wanda ya fi riƙo a cikin ku biyun. Abin da ya rage bayan haka shi ne kuɗin biki, komai ƙanƙantarsa, daidai ruwa daidai tsaki.

Na uku, a bi lokacin kasuwa. Kaji da awaki da man gyaɗa sukan yi tsada a makon Kirsimati saboda kowa yana nema a lokaci ɗaya. Wanda ya sayi 'yan kaji tun Oktoba ya kiwata, ko ya sayi busasshen barkono da tattasai tun da wuri, ya huta. Ba dole ba ne kuma sai shinkafa 'yar waje. Shinkafar gida tana ƙosarwa, acca da doya da dankalin Filato abincin biki ne a wurin kakanninmu, zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya kuwa sun fi lemon kwalba arha, kuma tulu ɗaya yana shayar da baƙi da yawa.

Na huɗu, a haɗa kai. Watanda tsohuwar dabara ce: gidaje goma su haɗa kuɗi su sayi sa ɗaya a kasa, kowa ya sami nama fiye da abin da kuɗinsa zai saya a teburin mahauci. Haka gidaje huɗu za su iya raba buhun shinkafa ko jarkar manja. Adashin da Zumuntar Mata za ta fara tun Fabrairu, ko da naira 500 ce a mako, kafin Disamba ya haura naira 20,000 ga kowace mace, ba tare da an taɓa kuɗin cefane ba. Wannan ita ce jakar biki da muka ambata tun farko. Bana idan an makara, a fara shirin baɗi.

Akwai kuma magana gare mu shugabanni, domin ba daidai ba ne mu yi wa mutane wa'azin tsimi alhali mu ne muke ƙara musu kaya. Daga Nuwamba zuwa sabuwar shekara akwai godiyar kaka, da ankon Zumuntar Mata, da kayan mawaƙa, da gudummawar bikin yara, da ta taron ƙarshen shekara, da kyautar fasto. Kowanne shi kaɗai ƙarami ne, amma gida ɗaya ne yake biyansu duka, daga tukunya ɗaya. Muna roƙon majalisar dattawa ta kowace ikkilisiya ta zauna ta tara waɗannan kuɗaɗe wuri ɗaya ta ga jimlarsu, ta soke wanda za a iya sokewa, ta ɗaga wanda zai iya jira. Zanen bara bai hana kowa yabon Allah ba. A kuma daina karanta sunaye da adadin abin da kowa ya bayar a gaban jama'a, domin wannan yakan sa gwauruwa ta ba da kuɗin abincin marayunta don gudun kunya.

A cikinmu akwai waɗanda rikici ya raba da gonakinsu, suna zaune a gidajen 'yan'uwa, da tsofaffin da 'ya'yansu ba sa iya aiko da komai. Su ma za su ji yunwa a Janairu, lokacin da kowa ya gama rabon abincin biki ya manta. Gidan da ya riƙe lissafinsa a Disamba shi ne zai sami mudu biyu na masara da zai miƙa musu a lokacin. Saboda haka tsimin da muke kira a yi, hanya ce ta sa kyauta ta daɗe, ta wuce ranar 25 da 26 ga wata.

Mu yi murna, 'yan'uwa, domin an haifa mana Mai Ceto. A dafa abinci mai daɗi, a aika wa maƙwabta, yara su yi wasa, a raira waƙoƙi har dare. Amma kafin a tafi kasuwa a zauna a rubuta, a ware na Janairu, a kuma tsaya a kan abin da aka rubuta ko da ɗan kasuwa ya yi rangwame. Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon gidajenmu, ya kai mu sabuwar shekara lafiya ba tare da bashi a wuya ba. Amin.