Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Iyayenmu Masu Sayar da Abinci a Zangunan Gana



Iyayena na Nima da Mamobi da Madina, da na Zangon Kumasi har zuwa Tamale, sannunku da aiki. Da shinkafa da wakenku muka girma, da tuwonku muka yi ƙarfi, shi ya sa nake da bakin yi muku magana a kan kifin da kuke sakawa a miya da shito.

Duk wadda ta taɓa yin sammako a bakin ruwan Elmina ta ga yadda abin yake. Kwalekwale na tsayawa, samari su yi ta jido kifi a manyan kwanoni, mata na tsaye suna ciniki. Kafin azahar an wanke shi, an jera a faifan waya, an ɗora faifai kan faifai bisa murhun Chorkor, wanda aka fara amfani da shi a wata unguwar Akra tun 1969. Daga nan kyafaffen kifin ya kama hanyar Kumasi da Techiman har Bolgatanga. Sidin da kika miƙa, Hajiya, masunci ya ci, mai kyafa ta ci, mai itace da mai saƙa kwando da direba duk sun ci.

Amma tekun ya fara gajiya. Ƙananan kifayen nan da talaka ke dogara da su sun yi ƙaranci, har gwamnati ta sa wa masu kwalekwale hutun wata guda a 2019 don kifi ya samu ya hayayyafa. Cikin abin da ya jawo haka akwai saiko: manyan jirage su kwashe kifi har da 'ya'yansa, su daskarar da shi falle-falle, su sayar a tsakiyar teku, alhali doka ta hana.

Don haka ga roƙona. In an kawo miki fallen ƙanƙara cike da 'yan mitsi-mitsin kifin da bai isa kamu ba, ki mayar, komai araharsa. Kifin baɗi ne ake sayar miki bana.

Ki yi abokiyar ciniki tsayayya cikin masu kyafa, ki san sunanta da garinta, ki biya ta a kan lokaci. Da kuɗinki take sayen itace, kuma sau da yawa ita ce ke ba masunci kuɗin mai ya shiga ruwa. Ranar da kifi ya yi wuya, ke za ta fara tunawa, don da abokin daka akan sha gari.

Ki kuma bi lokaci. Daga Yuli zuwa Satumba kifi ya fi yawa, sai ki sayi wanda ya bushe ƙayau ki adana. A yawancin garuruwan gaɓa ba a fita su ranar Talata, sai ki yi tanadi tun Litinin. In mai ci ya yaba miya, ki faɗa masa daga inda kifin ya fito.

Na san ribar abinci ba ta da yawa, kifin kwali da ake shigowa da shi daga waje kuma yakan yi sauƙi. Ko rabin sayayyarki kika karkata ga na gida, wani gida a bakin teku zai ɗora tukunya. Don Allah, gobe in kin je kasuwa, ki tambayi mai kifi daga ina ya zo kafin ki tambayi nawa ne.

Allah ya yi wa sana'arku albarka.

Wassalam,
ɗanku daga Nima.